Yadda Ake Raba Sautin Kwamfuta: Waƙa Ta Fita A Lasifika, Saƙon WhatsApp Ya Tsaya A Kunne

Duk wanda ya saba zuwa wuraren biki ko taro a Zango da ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san wannan yanayi. An kafa rumfa, an ɗora manyan lasifiku a kan benci, yaron da ke kula da sauti ya jona kwamfutarsa ko wayarsa da amfilifaya, waƙa tana tashi. Ana cikin haka sai ƙarar shigowar saƙo ta ratsa unguwa. Wani lokacin abin yakan tsaya nan, a yi dariya a wuce. Wani lokacin kuma yaron ya sha'afa ya danna saƙon murya da aka turo masa, sai ga muryar budurwarsa, ko ta mai binsa bashi, tana fita a lasifikar da ake ji tun daga bakin titi. Idan gidan biki ne, abin dariya ne na kwana biyu. Idan kuwa wurin tafsirin azumi ne, ko taron Mauludi, ko walimar saukar karatu, da wuya a sake kiransa aiki, kuma a gari irin Zango, inda kowa ya san gidan su kowa, labari ba ya kwana.

Yawancin masu wannan sana'a suna ɗauka haka na'ura take, babu yadda za a yi sai dai a kiyaye. Alhali kwamfuta mai Windows 10 ko 11 tana iya aika sautin kowace manhaja inda aka ce mata: waƙa ta tafi lasifikar waje, WhatsApp ya tsaya a iyafis, fim ya fita a talabijin, duk a lokaci guda. Ba a buƙatar sayen wata manhaja. Abin da ake buƙata shi ne a fahimci yadda kwamfutar take kallon lasifika, sannan a san wace ƙofa za a bari a buɗe, wace za a tsare.

Ƙofa nawa kwamfutar take da ita?

Kwamfuta ba ta san lasifika ba. Abin da ta sani shi ne na'urar fitar da sauti, wato ɗan guntun da ke juya lambobin da ke cikin fayil su zama siginar lantarki da lasifika za ta iya kaɗawa. Shi ake kira katin sauti. Kowane kati ƙofa ɗaya ce. Idan ƙofar ɗaya ce tal, duk abin da ke ƙara a cikin kwamfutar, daga waƙa har ƙarar jona filash, ta nan zai bi, Windows ta gauraya su ta tura waje.

A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Mutum ya je shago ya sayo ɗan jek mai baki biyu, ya soka a ramin iyafis, ya jona amfilifaya a baki ɗaya da iyafis a ɗayan, yana zaton ya raba. Bai raba komai ba. Wannan jek ɗin kwafi yake yi, abin da ya shiga kunne shi ne ya fita a lasifika. Haka kuma ramin iyafis da ƙaramar sifikar da ke jikin laftof, a mafi yawan kwamfutoci kati ɗaya suke amfani da shi, shi ya sa da an soka iyafis sifikar take yin shiru. Wasu manyan kwamfutocin tebur masu katin Realtek suna da saiti a manhajar katin da ke raba ramin gaba da na baya su zama ƙofofi biyu, amma bai kamata mai laftof ya dogara da wannan ba.

To ina za a samu ƙofa ta biyu? Hanya mafi sauƙi ita ce ƙaramin katin sauti na USB, wanda girmansa bai wuce filash ba, yana da rami biyu, na iyafis da na makirufo. Da an soka shi Windows take gane shi, ba sai an ɗora masa komai ba. Kaya ne da ake nema a shagunan masu sayar da kayan waya da kwamfuta. Wanda bai samu a Zango ko Daura ba, sai ya ba mai zuwa Kano sautu, a duba masa a Farm Centre ko titin Beirut. Wayar HDMI ma ƙofa ce mai zaman kanta, domin tana ɗaukar hoto da sauti tare, kuma talabijin ɗin da aka jona yakan fito a jerin na'urorin sauti da sunansa. DisplayPort, wanda ake yawan gani a laftof ɗin HP da Dell na hannu, shi ma yana ɗaukar sauti. VGA kuwa, mai shuɗin bakin nan, hoto kaɗai yake kaiwa. Sai kuma Bluetooth: duk sifika ko iyafis da aka haɗa da kwamfuta ta Bluetooth, ƙofa ce daban.

Ke nan laftof guda mai katin USB ɗaya da talabijin ɗaya yana da ƙofofi uku. Ya ishi kowane mai kula da sauti a gidan biki.

Inda saitin yake a Windows

Tun Windows Vista, wadda ta fito a 2007, ake iya rage ƙarar wata manhaja a bar wata. Amma zaɓa wa kowace manhaja lasifikarta bai zo ba sai a sabuntawar Windows 10 ta watan Afrilun 2018, wadda ake kira 1803. Wanda kwamfutarsa ke kan Windows 10 da ta girmi wannan, ko Windows 7, ba zai ga saitin ba. Don sanin wadda ake da ita, a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta winver, za ta nuna lambar.

A Windows 10, ana shiga Settings, a zaɓi System, a zaɓi Sound, sannan a gangara ƙasa zuwa App volume and device preferences. A Windows 11 wurin ya koma Volume mixer, kuma hanya mafi kusa ita ce a danna alamar sifikar da ke kusa da agogo da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Open volume mixer. A duka biyun za a ga jerin manhajoji, kowace da wurin zaɓar na'urar da sautinta zai fita. A nan ake cewa wannan ta bi katin USB, wancan ta bi talabijin.

Abu ɗaya da yake rikita masu gwadawa a karon farko shi ne su buɗe shafin su tarar manhajar da suke nema ba ta cikin jerin. Ba lalacewa ba ce. Windows ba ta nuna manhaja sai ta fara fitar da sauti. Sai a kunna waƙar tukuna, a dawo shafin, za a gan ta. Wasu manhajojin kuma ba sa karɓar canjin nan take, sai an tsayar da waƙar an sake kunnawa, ko an rufe manhajar gaba ɗaya an buɗe. Bayan haka Windows takan riƙe zaɓin, ko an kashe kwamfutar an kunna. Idan aka cakuɗa abubuwa har aka rasa gane gaba, akwai maɓallin Reset a ƙasan shafin da ke mayar da komai yadda yake.

A cikin jerin akwai wani layi mai suna System sounds. Shi ne ƙarar Windows ɗin kanta: ta kuskure, ta jona filash, ta ƙarewar batir, da ta yawancin sanarwa. Mai aikin taro ya kamata ya fara da kashe wannan tun kafin ya taɓa komai.

Kuskuren da ke mayar da hannun agogo baya

Sanin wurin saitin rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne tsarin da aka bi, kuma a nan ne ake samun wanda ya raba sautinsa amma duk da haka ya ji kunya.

Windows tana da abin da take kira babbar na'ura, wato wadda duk manhajar da ba a zaɓa mata komai ba za ta bi. Abin da hankali ya fi saurin kawowa shi ne a mayar da amfilifaya babbar na'ura, tunda ita ce mai aikin, sannan a bi WhatsApp da brauza ɗaya bayan ɗaya a kai su iyafis. Wannan tsari yana aiki har zuwa ranar da aka buɗe wata manhaja da ba a yi tunaninta ba. Wani ya kawo filash a duba masa bidiyo, aka danna, ya buɗe da wata manhajar daban, sai a lasifika. Tallar da ke kunna kanta a wani shafi, sai a lasifika. Ba za a taɓa gama lissafa abubuwan da ke iya yin ƙara a cikin kwamfuta ba.

Daidai shi ne a juya abin. Babbar na'ura ta zama ta sirri, wato sifikar jikin laftof ko iyafis da aka soka a raminsa. Amfilifaya kuma a jona ta da katin USB, a ba manhaja ɗaya tak izinin bi ta nan, wadda ke kunna waƙa ko karatun. Da wannan tsari, duk wani baƙon sauti a kunnen mai kwamfutar zai tsaya. Kuma ko da wani yaro ya yi tuntuɓe da waya katin ya fita, mafi munin abin da zai faru shi ne waƙar ta yanke a waje ta dawo laftof. Idan da akasin haka aka yi, wato amfilifaya a ramin laftof, iyafis a katin USB, to fitar katin tana nufin Windows ta kwashi abin da ke kunne ta mayar da shi ƙofar da ta rage, wato lasifikar jama'a. Ramin laftof ba ya cirewa daga jikinsa, shi ya sa shi ne ya dace da sirri.

Akwai wata ɗabi'ar Windows da za a kula da ita. Duk lokacin da aka jona sabuwar na'urar sauti, ko ta USB ko HDMI ko Bluetooth, sau da yawa takan mayar da ita babbar na'ura da kanta ba tare da ta tambaya ba. Don haka bayan an gama jona komai, a koma a duba wadda ke sama, a mayar da ita kan sifikar laftof. A Windows 11 danna maɓallin Windows da Ctrl da V tare yana buɗe jerin nan take. Katin USB kuma a riƙa soka shi a rami guda kullum, domin idan aka canza masa rami Windows tana iya ɗaukarsa a matsayin sabuwar na'ura, zaɓin da aka yi jiya ya tashi a banza. Ɗan ɗigon fenti ko salatif a gefen ramin ya wadatar.

Manhajojin da ke zaɓa da kansu

Wasu manhajoji ba sa jiran Windows. VLC, wadda kusan babu kwamfutar mai tura fina-finai da ba ta da ita, tana da wurin zaɓar na'ura a ƙarƙashin Audio, sannan Audio Device. Wannan yana aiki har a Windows 7, don haka mai tsohuwar kwamfuta bai rasa mafita ba. Zoom da Google Meet su ma suna da wurin zaɓar sifika da makirufo a cikinsu.

A ɗauki shagon turin waƙoƙi da fina-finai, irin waɗanda ake gani a bakin kasuwa da tasha. Mai shagon yana son waƙa ta riƙa tashi a sifikar ƙofar shago don jan masu wucewa, a lokaci guda kuma ga mai saye yana so ya ɗan ji fassarar fim ɗin Indiya ko wani shiri mai dogon zango kafin ya biya. Yadda aka saba, sai a tsayar da waƙar, a kunna fim ɗin kowa ya ji abin da mutumin yake saye, wanda ba kowa ke son haka ba. Da katin USB ɗaya, waƙar ƙofa tana kan manhaja guda, gwajin mai saye yana kan VLC ta iyafis, babu wanda ya tsaya wa wani.

Brauza tana da nata lamarin. Windows tana kallon Chrome a matsayin manhaja ɗaya ko da shafi goma aka buɗe, don haka ba za a iya cewa wannan shafin ya tafi talabijin, wancan ya tafi sifika ba. Dabarar ita ce a yi amfani da brauza biyu. Mai gidan kallon ƙwallo da ke haska wasa ta intanet, a ranar da wasanni biyu suka haɗu a lokaci ɗaya, kamar ranar ƙarshe ta gasar Firimiyar Ingila da ake take wasanni 10 tare, yana iya buɗe ɗaya a Chrome ya tura shi talabijin ɗin HDMI, ɗayan a Firefox ko Edge ya tura sautinsa katin USB da ke ɗaya ɗakin. Ko data da ƙarfin sabis za su ɗauki wasa biyu, wannan wata magana ce daban. Masu dikoda biyu kuwa ba ruwansu da duk wannan.

Masu DJ na gaske suna da buƙata ta musamman: su ji waƙar gaba a kunne alhali ta yanzu tana tashi a fili. VirtualDJ da Mixxx, wadda kyauta ce, duka suna da wurin ware babban sauti da na iyafis, kowane a ba shi katinsa. Akwai ma wata waya ta musamman ta DJ da ke raba ɓangaren hagu da na dama na rami ɗaya, hagu ya tafi lasifika, dama ya zo kunne. Kamanninta ɗaya da jek mai baki biyu na kasuwa amma haɗin cikinta daban ne, sai an saita manhajar ta san da ita, kuma sautin yakan koma layi ɗaya maimakon biyu. A filin biki babu mai lura da wannan bambancin.

To wayar hannu fa?

Gaskiya ita ce yawancin matasan da ke kunna sauti a taro da waya suke yi, ba kwamfuta ba, kuma a nan lamarin ya fi tsauri. An gina Android a kan cewa manhaja ɗaya ce ke da bakin magana a lokaci guda. Idan wata ta nemi yin magana, ta farko ko dai ta tsaya ko ta rage murya. Shi ya sa waƙa take dakatawa da an buɗe bidiyon TikTok. Kuma da zarar an haɗa waya da sifikar Bluetooth, duk abin da wayar ta ɗauka a matsayin kiɗa ko bidiyo can yake tafiya, har da saƙon murya na WhatsApp. Abin da ya ƙara dagula lamarin, WhatsApp yana kunna saƙonnin murya da ke jere ɗaya bayan ɗaya da kansa, mutum ya danna na farko, kafin ya farga na uku ya fita.

Samsung ne ya yi fice wajen magance wannan. Tun Galaxy S8 ta 2017 yake sa wani saiti mai suna Separate app sound, a cikin Settings ƙarƙashin Sounds and vibration. Ana kunna shi, a zaɓi manhajar da ake son warewa, sannan a zaɓi inda za ta fita, ko wayar kanta ko na'urar Bluetooth. A nan ma tsarin da aka ambata a sama ne ya dace: a ware manhajar waƙa a ba ta Bluetooth, sannan a tabbatar babban sautin wayar yana kan sifikar wayar. Saitin ba ya aiki sai na'urar da aka zaɓa ta bambanta da babbar mafitar wayar, kuma nan ne da yawa suke cewa sun kunna bai yi ba. Kada a rikita shi da Dual audio, wanda shi ma na Samsung ne: wannan sauti ɗaya yake aikawa na'urorin Bluetooth biyu, kishiyar abin da ake nema ke nan.

Wannan saitin ƙari ne na Samsung, ba ya cikin asalin Android da Google ke bayarwa, don haka kowane kamfani da abin da ya ga dama. Mai Tecno ko Infinix ko itel ko Redmi, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun matasan Arewa, ya shiga Settings ya rubuta sound a wurin bincike ya duba abin da wayarsa ta zo da shi. Idan babu, kada ya ɓata datarsa a kan manhajojin Play Store masu alƙawarin raba sauti. Android ba ta ba manhajar waje ikon karkatar da sautin wata manhaja yadda Windows ta bayar ba, abin da yawancinsu ke kawowa shi ne talla.

Abin da kowace Android ke iya yi shi ne raba kira da kiɗa. A shiga Bluetooth, a danna alamar saiti da ke gefen sunan sifikar, za a ga maɓalli biyu, ɗaya na kiran waya, ɗaya na kiɗa da bidiyo. A kashe na kira. Daga nan hirar kira a wayar za ta tsaya, ba za ta fita a sifika ba, ko da yake waƙar za ta dakata har a gama. A haɗa da Do not disturb don toshe ƙarar sanarwa. Sai dai a sani wannan ba ya hana saƙon muryar da mutum ya danna da hannunsa fita. Ga wanda aikin taro ne abincinsa, babu abin da ya kai tsohuwar waya ta biyu, ko mai fasasshen gilashi ce, wadda babu layi babu WhatsApp a cikinta, sai waƙoƙi da karatu a memori. Wannan ita ce rabawar da ba ta taɓa ba da kunya.

Matsalolin da ke biyo baya

Wanda ya jona laftof da amfilifaya sau da yawa yakan ji wani gunji mara yankewa a lasifika, musamman idan wuta ɗaya suke sha, ko ta KEDCO ko ta janareta. Gwajin yana da sauƙi: a zare cajar laftof. Idan gunjin ya ɗauke, to daga hanyar wuta yake, ba daga katin ba. Ana iya yin taron a kan batir idan yana riƙewa, ko a nemi ɗan akwatin da ake sawa tsakanin kati da amfilifaya don yanke wannan gunji, wanda masu kayan sauti suka sani da suna ground loop isolator. Idan kuma sautin yana fashewa kamar ana yayyaga takarda, a duba ramin da aka soka a jikin amfilifaya. Ramin makirufo an yi shi ne don sigina mai rauni ƙwarai, sautin kwamfuta ya fi ƙarfinsa. A nemi wanda aka rubuta Line ko Aux, galibi mai baki ja da fari. Ƙurar hunturu ma tana cika ramukan jek har sauti ya riƙa yankewa ko ya fita ta gefe ɗaya. Busawa da goge bakin jek ɗin sukan wadatar kafin a zargi kati.

Bluetooth yana da daɗin sha'ani amma yana da jinkiri, wanda yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Ga waƙa babu damuwa. Ga ƙwallo ko fim kuwa, baki ya motsa kafin magana ta iso. Nisansa a yawancin na'urori bai wuce mita 10 ba, kuma jikin mutane yana tare shi, don haka haɗin da ya yi kyau da rana fili babu kowa yana iya fara sarƙewa da dare bayan an cika. Akwai kuma abin da ke faruwa da iyafis na Bluetooth: da wata manhaja ta buɗe makirufonsa, sai ya sauka daga tsarin kiɗa ya koma tsarin kira, sautin ya zama kamar na tsohuwar rediyo. Maganin shi ne a bar makirufon laftof ya yi aikin magana.

Wani abin da ke ba masu taro mamaki shi ne waƙa ta rage ƙara da kanta da zarar kira ya shigo kwamfutar. Windows ce ke yin haka da gangan, an saita ta ta rage sauran sauti da kashi 80 cikin 100 idan ta ji ana kira. Don kashe shi, a danna maɓallin Windows da R, a rubuta mmsys.cpl, a shiga Communications, a zaɓi Do nothing. A wannan tsohon shafin ne kuma ake iya canza wa kowace na'ura suna. Maimakon sunaye masu kama da juna da ke rikita mutum cikin gaggawa, a sa wa ɗaya Waje, ɗaya Kunne.

Masu haska tafsiri ko taro kai tsaye a Facebook da manhajar OBS Studio su kula da wani tarko na daban. OBS tana da layin Desktop Audio wanda, idan ba a taɓa shi ba, babbar na'ura yake ɗauka. Wato wanda ya bi shawarar mayar da babbar na'ura ta sirri, ya tsare mutanen fili, amma ya buɗe wa masu kallo a intanet kunnensa. Dole a shiga saitin OBS a kashe wannan layin ko a mayar da shi kan katin USB. Daga OBS 28, wadda ta fito a 2022, akwai ma hanyar ɗaukar sautin manhaja ɗaya kaɗai, mai suna Application Audio Capture, kuma ita ta fi aminci.

Ga mai son ƙari

Saitin Windows yana kai manhaja ɗaya ƙofa ɗaya ne kawai. Wanda ke son waƙa ɗaya ta fita a lasifikar maza da ta cikin gida wajen mata, amma sanarwar mai gabatarwa ta fita a waje kaɗai, ya wuce abin da Windows ke bayarwa. Nan ne ake kiran Voicemeeter Banana, ta kamfanin VB-Audio na Faransa, wadda mikisa ce a cikin kwamfuta, tana da mafita uku na zahiri, A1 da A2 da A3, kowane sauti a danna masa waɗanda zai bi. Ana sauke ta kyauta, mai so ya ba da gudummawa. Tana da wuyar koyo, tana ƙara ɗan jinkiri, kuma idan ta rikice a tsakiyar taro komai ne ke yin shiru, don haka ba abin da za a fara gwadawa ranar ɗaurin aure ba ne. EarTrumpet, wadda ke Microsoft Store kyauta, ba ta ƙara wani iko ba, amma tana kawo zaɓin kusa da agogo, a sauya wa manhaja lasifika da dannawa biyu. Kwamfutocin Apple ba su zo da wannan rabawa ba sai an sayi manhaja irin SoundSource, masu Linux kuwa suna da ita tuntuni a cikin pavucontrol.

Kafin mutane su taru, bayan an jona komai kuma an duba babbar na'ura, a kunna waƙa a lasifika a rage ta ƙasa, a sa wani ya turo saƙon murya, a danna shi, wani kuma ya tsaya a gaban lasifikar ya saurara. Sannan a zare iyafis ɗin ana cikin sauraro a ga inda muryar ta koma, a zare katin USB a mayar a ga ko waƙar ta dawo wurinta. Idan janareta ya mutu aka sake tayarwa, ko aka canza talabijin, a sake gwajin daga farko.